Madubi a Ɗakin Jinyar Gwaggo

Shekara arba'in da ɗaya Mai Gilashi ya yi yana yanka gilashi a shago ɗaya, a ƙarƙashin wani tsohon bene, har mutanen layin suka manta cewa yana da wani suna ban da wannan. Dogo ne siriri, ya ɗan ranƙwafa saboda yawan sunkuyo a kan teburi. Hannuwansa cike suke da ƙananan tabo farare, kowane da ranarsa, kuma in ka yi kuskuren tambaya sai ya ba ka labarin kowane ɗaya, ko da gobara za ka je kashewa.

Aikinsa ba hayaniya. Zai kwantar da gilashi a kan teburin da aka lulluɓe da tsohon bargo, ya auna sau biyu, ya ɗora rula, ya tsoma bakin abin yankan cikin gwangwanin kananzir, ya ja layi ɗaya tak. Sai ya ɗan ƙwanƙwasa ta ƙasa, ya danna da babban yatsa, gilashi ya rabu salin-alin. Ba ya maimaita layi. Yakan ce wanda ya ja layi sau biyu bai yarda da hannunsa ba, gilashi kuwa yana gane matsoraci.

Aibinsa ɗaya ne, in aibi ne: a ganinsa babu matsalar duniya da gilashi ba ya maganinta. Ka ce masa ɗakinka ya yi duhu, zai ce a fasa taga. Ka ce ya yi ƙanƙanta, zai ce a kafa madubi a bango, ɗaki ya ninka. Maƙwabcinsa mai gyaran takalma ya taɓa kai masa kukan cewa surukarsa ta tare a gidansa ta hana shi sakat. Mai Gilashi ya tambaye shi faɗin falon, wai don a raba shi biyu da gilashi mai duhu. Har yau mai takalman bai tabbatar ko wasa ne ba. Ba wasa ba ne.

Matarsa ce kaɗai take yi masa dariya a gaban idonsa ya ƙyale. Malam Kar-a-taɓa take kiransa, domin tun suna amarci duk abin da ya shigo da shi gida sai ya jingina a bango ya ce kar a taɓa. Shi kuma Mai ɗaki yake ce mata. Suna zaune a hawa na uku na wani gidan haya, ɗaki biyu da falo da ɗan kicin da mutum biyu ba sa juyawa a ciki sai sun gogi juna. 'Ya ɗaya Allah ya ba su, ta girma ta yi aure, aiki ya kai mijinta gari mai nisa.

Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Mai ɗaki, tagar ɗakin ta fi ƙafar damunta. Bangon maƙwabta tagar take kallo, bango kuwa tun safe har yamma ba ya yin komai. Ta ce masa ta gaji: ita ba ta motsi, abin da take kallo ba ya motsi, sun zama biyu. A nan fa aibin nasa ya yi rana. Ya yanka gilashi mai kauri guda biyar, ya goge bakinsu da dutse, ya haɗa su da gam, ya yi akwatin kifi wanda tsawonsa ya kusa gaba guda. Ya girke shi a gefen gado, ɓangaren hannunta mai lafiya.

Kifayen a shagon wata mata ya samo su, can bayan tashar mota, wadda kowa ke kira Mai Kifi. Na kallo take sayarwa, ba na tukunya ba. Irin da ya zaɓa dangin karfasa ne, amma masu ado, wani shuɗi, wani rawaya, wani mai zane-zane. Mai Kifi ta gargaɗe shi tun ranar cewa kyau gare su amma ba su da hali: kowane sai ya kama dutse ya ce nan ne gidansa, wanda ya gitta ya sha cizo. Ya ce ai mutane ma haka suke, a zuba masa shida.

Mai ɗaki ta raba musu sunayen danginta kaf. Babban shuɗin nan mai ƙaton goshi, wanda ke riga kowa ci sannan ya kori sauran, shi ne Kawu. Wasu biyu da kullum suke bin bayansa ba su san dalili ba, su ne Surukai. Sai wata 'yar rawaya ƙarama mai baƙin layi a gadon baya, wadda ba ta da aiki sai ta ɗebi yashi da baki a nan ta tofar a can, gobe ta kwaso ta mayar. Ita ce Gwaggo, saboda wata gwaggon Mai ɗaki da ta yi shekara saba'in tana share ɗakin da ba shi da datti. Gwaggo ce ta gaban goshi. Mai ɗaki takan ɗora yatsa a jikin akwatin, kifin ya taho ya tsaya daidai yatsan, ita kuma ta saci kallon mijinta ta ce, "Ga shi na taɓa, Malam. Sai ka kai ni ƙara."

Shekara biyu aka yi haka. Ranar da ta rasu Talata ce, da hantsi. Ta tashi garau, irin garau ɗin mai jinya, ta sha shayinta. Wani ya kira shi a waya, iska ta fasa masa taga. Ya ce mata awa ɗaya zai yi. Ta ce ya je, ga Gwaggo nan za ta kula da ita. Firam ɗin tagar ya zamana a karkace, aikin awa ɗaya ya ci uku. Da ya dawo ya tarar da ita fuskarta na kallon akwatin, yatsanta a jikin gilashin, famfon da ke hura wa kifayen iska na ta kumfarsa. Likita ya ce ko yana nan babu abin da zai iya yi. 'Yarsa ma ta faɗa, kowa ya faɗa. Ya gyaɗa kai kawai.

Da aka watse daga zaman makoki 'yar ta roƙe shi ya bi ta. Ya ce shago fa, kifaye fa. Ta san ba shagon ba ne, amma ta ƙyale shi. Tun daga nan sai waya ranar Lahadi da yamma, minti goma, rabinsu jikoki ne ke ƙwace wayar suna gaishe shi.

Kaɗaici bai kama shi a shago ba, a wurin cin abinci ya kama shi. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana ci ana zuba masa surutu, yau ga shi da faranti ɗaya da kujerar da ba kowa a kai, har ƙarar taunarsa yake ji. Sati uku ya yi yana ci a tsaye a kicin. Sannan ya yi abin da duk wanda ya san shi zai ce zai yi: ya hauro da madubi mai faɗin teburin daga shago, ya ɗaure shi da kusoshi huɗu a bangon da ke fuskantar kujerarsa. Teburi ya ninka, faranti ya zama biyu, ga wani tsoho a zaune suna ci tare. Da farko gaisawa suke yi, yakan ce masa bismillah. Daga baya hirar ta canza, shi kuwa bai lura ba. Yakan ɗago daga loma ya haɗa ido da tsohon, ya ce, "Taga ɗaya. Saboda taga ɗaya." Sai ya ture farantin da rabin abinci. Wandonsa ya fara zamewa, ya ƙara huda a bel, ya ce fatar ce ta saki.

Shekara guda da 'yan watanni bayan rasuwar, wata safiya ya shiga ɗakin da akwatin yake riƙe da gwangwanin abincin kifi, ya ƙirga ya ga biyar. Sai da ya tsuguna ya duba lungu-lungu kafin ya hango Gwaggo can sama, maƙale a bayan bututun famfo, kai sama jela ƙasa. Jelar ta yage ta zama tsumma. A gefenta na dama an ɗaye ɓawo wuri mai faɗin farce, nama ya fito fari da ja. Rawayar nan tata duk ta koɗe. Kawu kuwa yana ta shawagi a ƙasa, ya mallake ramin yashin da ta yi watanni tana tonawa, kuma da ta ɗan motsa sai ya taso mata, Surukai na biye.

Mai Gilashi bai taɓa zagin dabba ba sai ran nan, kuma ya zage Kawu tas, har da wanda aka ci sunansa. Ya kamfato Gwaggo da 'yar raga, ya sa ta a bokiti da ruwan akwatin, ya rufe da faranti. Ko shayi bai sha ba ya nufi bayan tasha, yana tafe yana tallabe da bokitin da hannu biyu.

Mai Kifi mace ce 'yar kimanin shekara arba'in, gajera, kullum hannun rigarta a naɗe, kuma ba ta iya zagaye-zagaye ba. Ta leƙa bokitin ta yi tsaki. Ta ce Kawu girma ya yi, akwatin ya yi masa kaɗan, kuma wannan ba aikin jiya ba ne: an daɗe ana korar baiwar Allah, shi ne bai gani ba. Maganar ta soke shi fiye da yadda ta yi nufi. Ya tambaye ta ko Gwaggo za ta rayu. Ta ce in ta ci abinci za ta rayu, in ba ta ci ba, to. Sannan ta zayyana masa yadda zai yi. A ware ta ita kaɗai. Ruwan famfo sai ya kwana a buɗe kafin a zuba mata, kuma kullum a canza kashi ɗaya cikin huɗu, da ɗan gishiri. A rage haske, a sa mata wurin ɓuya. Ta miƙo masa fasasshen kaskon fure da ƙaramin famfon iska.

"Kuma Baba, ka bar ta ta huta," in ji ta. "Kar ka ƙara komai a kan abin da na faɗa. Na san halinku masu sana'ar hannu, ba kwa iya ganin abu ku bar shi yadda yake."

Ya ce wa, shi? Shi da ake kira Kar-a-taɓa?

Ran nan bai karɓi aikin kowa ba. Ya yanka ƙaramin akwati, ya jira kwana biyu gam ya bushe, Gwaggo na zaman bokiti. Sannan ya girke shi a falo a kan kabad, nesa da su Kawu, ya shimfiɗa ɗan yashi wankakke, ya kifa kaskon. Ya sa masa suna ɗakin jinya.

Jinya kuwa ya iya ta, ai shekara biyu ya yi yana koyo. Bokiti biyu ya jera a ƙofar banɗaki, ɗaya na yau ɗaya na gobe. Da sassafe zai tsoma siririn tiyo, ya zuƙa da baki, ya tofar da ɗan abin da ya shiga, tsohon ruwa ya gangara cikin roba. Sabon ruwan sai ya gwada shi da bayan hannu, kamar yadda yake gwada ruwan wankan Mai ɗaki, kafin ya tsiyaya shi a hankali a jikin gilashi don kar ya firgita mara lafiya. Sai ya jefa ƙwayar abinci uku, ya koma gefe ya jira. Bayan minti goma ya dawo ya tsame su da cokali, ukun nan cif. Gaskiyar magana, duk da fargabar, kwanakin nan sun fi masa duk shekarar da ta wuce daɗi. Ya sami wanda zai tashi dominsa, ya sami dalilin rufe shago da wuri.

Ciwon ya fara jin magani. A kwana na bakwai jan ya ragu, bakin raunin ya fara haɗewa, gefen jelar ya fito da wani siririn sabon tsiro fari tas. Amma abinci ko kallo bai ishe ta ba. Tana cikin kaskon nan dare da rana, ido ɗaya kawai ake gani daga bakin ramin, cikinta ya shafe. Ranar Lahadi 'yarsa ta kira, ya cinye minti goman kaf da labarin Gwaggo. Da ya tsaya shan iska ta ce, "Baba, kai fa? Kana cin abinci?" Ya ce sosai ma, har ƙiba yake yi.

Washegari da safe ya jefa ƙwayoyin ya tsaya daga bakin kicin yana leƙe. Ƙwaya ɗaya ta nutse ta sauka daf da bakin kaskon. Gwaggo ta dube ta, ta dubi akwatin da ba kowa a ciki, ta ja da baya. Sai ya ga kamar ya gane ciwon. Halittar da tun tana ƙarama take ci cikin turereniya da 'yan'uwa, yau an ajiye ta ita kaɗai da bango huɗu. Wa zai iya haɗiye abinci a haka? Mayar da ita wurin Kawu kisa ne. Kawo mata wani kifin, shi ma cizonta zai yi. Abin da take bukata abokiyar zama ce daidai girmanta, wadda ba ta cizo, ba ta ƙwace abinci. Da tunanin ya iso inda za shi sai ya yi wa kansa dariya, wai shi da ya yi shekara arba'in cikin madubai ya ɗauki kwana tara kafin ya gano.

Ya yanko madubi mai faɗin tafin hannu. Ya goge bakinsa da dutse har ya yi sumul, don kar ya yanke ta. Ya wanke shi sau uku, ya tsayar da shi cikin ruwan a ɗaya ƙarshen akwatin, yana fuskantar kaskon. Da kulawa ya yi komai, da ƙauna kuma, abin da ya ƙara wa al'amarin ciwo ke nan. Garin neman gira ake rasa ido.

Ko minti biyu ba a yi ba Gwaggo ta fito. Karo na farko ke nan tun da aka sa ta. Ta miƙe ƙayoyin bayanta, ta baza abin da ya rage na jela, rawayar nan ta dawo jikinta kamar an kunna fitila, baƙin layin ya yi baƙi ƙirin. Ta nufi madubin kai tsaye, ta kaɗa jiki, ta haɗa baki da wadda ta gani a ciki. Ta ja baya, ta sake dawowa. Idon Mai Gilashi ya ciko da ƙwalla. Ya ɗauko waya ya ɗauki bidiyo, yana cewa a hankali ku gaisa, ku gaisa. Ya tafi shago yana gaida mutanen layi tun kafin su gaishe shi, har mai takalma ya tambaya ko lafiya.

Da yamma ya dawo ya tarar suna nan baki da baki. Abincin dai ba a taɓa ba, amma ya ce murna ce, ai wanda ya yi baƙo ba ya jin yunwa. Washegari ma haka ya bar su. Kullum fuskarta na wajen madubi, shi bayanta kawai yake gani. Bayan azahar ya kasa daurewa, ya rufe shago ya tafi nuna wa Mai Kifi, don ta san masu sana'ar hannu ma suna da nasu ilimin.

Ta karɓi wayar tana goge hannu a riga. Ba ta kai ƙarshen bidiyon ba fuskarta ta canza. Ta tambaye shi tun yaushe madubin yake ciki. Ya ce tun jiya da safe. Ta ce yanzu ma yana ciki? Ya ce ƙwarai, ai ta gani sun saba.

"Baba, ba gaisawa take yi ba, faɗa take yi," in ji ta. "Ba ta san ita ce ba. Gani take wata ta shigo mata ɗaki. Kawu ko ba komai yana gajiya, yana tafiya cin abinci, ta samu ta numfasa. Wannan ba ta gajiya, ba ta gudu, duk dukan da aka kai mata sai ta rama daidai. Haka za su yi har ɗaya ta mutu, kuma ka san wace ce. Tafi gida yanzu."

Shekararsa sittin da takwas, rabonsa da gudu har ya manta, amma ran nan ya yi. Ya haye hawa ukun nan yana kama ƙarfen bene, ya kasa sa makulli sai a karo na uku. Gwaggo na kwance a kan yashi a gindin madubin, ta gefe ɗaya. Leɓɓanta sun daddage sun yi fari, raunin da ya sha wahalar kwana tara ya sake buɗewa. Yana tsaye a wurin ta yunƙura ta miƙe, ta kai wa madubin duka ɗaya mara ƙarfi, ta sake zubewa. Ya tsoma hannu da riga da agogo da komai ya zaro shi. Ya zauna a ƙasa, ruwa na ɗiga daga gwiwar hannunsa, ɗan madubin na kan cinyarsa. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, ga shi babu ko wanda zai ji kunyar a gabansa.

Aka koma farko. Ruwan da ya kwana, tiyo, gishiri, ƙwaya uku, cokali. Sai dai yanzu ko idon ba a gani, ta shige can ƙuryar kasko. Sau goma a yini yake sunkuyawa ya duba ko tana numfashi.

A rana ta biyu da la'asar aka ƙwanƙwasa ƙofa. Sai da ya ɗan tsaya, domin ya fi shekara ba wanda ya ƙwanƙwasa ta sai mai karanta mita. Mai Kifi ce, tana haki, tana mitar cewa wanda ya gina benen nan ba ya son baƙi. Mai takalma ne ya yi mata kwatance. Ta kawo wani magani a 'yar kwalba, ta ɗiga a ruwan, ta daɗe a tsugune tana kallon kaskon. Ta ce ba za ta yi masa ƙarya ba, kwana goma sha biyu ba ci, ba wasa ba ne. Ta ce ya riƙa jiƙa ƙwayar ta yi laushi saboda bakin. Ya tambaya, muryarsa ƙasa-ƙasa, to kaɗaicin fa, yaya za a yi da shi. Ta ce irin waɗannan kifayen suna gane mai ba su abinci. Ya jawo kujera ya zauna kusa, kar ya yi komai, ta saba da inuwarsa.

Da ta miƙe za ta tafi idonta ya sauka a kan teburin cin abinci. Ta dubi kujerar, ta dubi faranti ɗaya, ta dubi ƙaton madubin da ke fuskantarsu. Sannan ta dubi bel ɗinsa mai sabbin huda uku. Ta buɗe baki, kuma a karo na farko tun da ya san ta, matar da ba ta iya zagaye-zagaye ba ta mayar da bakinta ta rufe. Ta ce sai ta sake leƙowa.

Rana ba ta faɗi ba ya ɗumama abincinsa ya zauna a inda ya saba. Ya kai loma biyu, ya ɗago, tsohon na nan yana jiransa. "Taga ɗaya," in ji Mai Gilashi. "Taga ɗaya ba ta ishe ka ba, sai da ka ƙara da…" Sai ya tsaya. Bakin tsohon ma ya tsaya, daidai lokacin. Ya ƙura masa ido, ba irin kallon da ya saba yi masa ba, irin kallon da yake yi wa gilashi kafin ya ja layi. Wuyan rigar ya yi wa mutumin yawa, kumatunsa sun zurma, idanunsa jajir, kuma a shirye yake ya rama duk abin da aka faɗa masa. Fiye da shekara guda ke nan, safe da yamma, ba ya gajiya, ba ya zuwa ko'ina.

Ya tashi ya ɗauko sukundireba. Kusoshi huɗun nan shi ya ɗaure su, kuma ya ɗaure su da kyau, sai da ya yi gumi. Ya sauke madubin ya juya fuskarsa bango. Nan take falon ya koma rabi, teburi ya koma ɗaya, kujerar Mai ɗaki ta fito fili ba kowa a kai. Ba sauƙi ya ji ba. Kewarta ce ta taso masa gaba ɗaya, wadda ya yi shekara yana rufewa da faɗa, ya dafa teburin ya yi kukan da bai yi ba ranar Talatar nan.

Da ya lafa, ya wanke fuska, ya rasa inda zai zauna. Sai ya ɗauki farantin ya jawo kujera gaban ɗakin jinya. Ya jiƙa ƙwaya ɗaya a cokali har ta yi laushi, ya sake ta, ta nutse ta sauka a bakin kasko. An ce kar ya yi komai, don haka bai yi komai ba, illa ya ɗora yatsa ɗaya a jikin gilashin, a ƙasa, inda Mai ɗaki take ɗorawa. Ɗaya hannun ya rasa aikin yi, sai ya riƙa kai loma.

An daɗe. Famfo na kumfa, ana jin motoci a titi, wata maƙwabciya na kwashe shanya. Can sai ido ɗaya ya bayyana a bakin kaskon. Sai kai. Gwaggo ta fito a karkace, da ƙyar, ba ta nufi abincin ba, yatsan ta nufa. Ta tsaya daidai shi tana numfashi, shi kuma ya riƙe nasa numfashin. Sannan ta juya ta sunkuya ta ɗauki ƙwayar da dagargajajjen bakinta, ta tofar. Ta sake ɗauka, ta tofar. A karo na uku ba ta tofar ba.

Bai motsa ba sai da ta koma cikin kaskonta. Ya janye yatsan, ya goge shaidar da ya bari a gilashin da gefen riga, sannan ya sunkuya zai ɗauki farantin ya kai kicin ya rufe saura kamar kullum. Sai ya ga babu saura.